Mijin da ya rikiɗe maciji, matar da ta koma teku

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna kan tatsuniyoyin da ake auren dabba a cikinsu, don akwai abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ta yarinyar nan da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba. Samari suna ta sintiri, kowa ya zo sai ta aiki ƙuda ya shiga rigarsa ya dudduba, ya fito ya ce akwai tabo, ko na sartse ko na gyambo. Maciji ya ji labari daga daji, ya ari riga, ya ari wando da hula, ya ari santsin jiki wurin kuka, ya shigo gari. Ƙuda ya shiga ya fita bai ga komai ba. Aka ɗaura aure, aka kama hanya, ango yana tafe yana mayar wa masu kaya kayansu, har suka isa bakin rami babu abin da ya rage sai maciji.

To ku duba na Turawa. A Faransa dodo ne mummuna tun farko, yarinya ta zauna da shi har ta so shi, ya koma ɗan sarki. A Norway farin beyar ne ya ƙwanƙwasa tagar wani talaka ya ce a ba shi autar gidan, daga baya aka gane shi ma ɗan sarki ne da kishiyar uwa ta yi wa asiri. Su dabba ke komawa mutum, mu mutum ke komawa dabba. Amma ni a ganina abu ɗaya ake faɗa, wato fargabar yarinyar da za a ɗauke daga ɗakin uwarta a kai ta gidan wanda ba ta sani ba. Tsofaffinsu sun zaɓi lallashi, namu sun zaɓi gargaɗi. Abin da ya dame ni shi ne ko ta ina ka duba, a wuyan yarinyar aka rataya komai. In ta yi haƙuri ta samu ɗan sarki, in ta yi ruwan ido ta samu maciji. Me kuka gani?

Kabiru:
Wa alaikumus salam Malama. Ai har tarihinmu ma da maciji ya fara, Bayajidda da rijiyar Kusugu.

Baba Ɗanlami:
A'a Kabiru, wannan hanyarsa daban. Bayajidda kashe macijin ya yi, ya auri Daurama, ita kuwa mutum ce, sarauniya. Babu auren dabba a ciki.

Yusuf Damagaram:
Malama, na Faransa ɗin nan mun karanta shi a makaranta, kuma tarihinsa yana goyon bayanki. Wata mata mai suna Villeneuve ce ta fara buga shi a 1740, dogo ƙwarai, don manya. A 1756 wata kuma, Leprince de Beaumont, ta taƙaita shi ta saka a littafin tarbiyyar yara. A lokacin tana Landan tana koyar da 'ya'yan masu hali mata. Natan ne ya zagaye duniya. Ku tuna zamanin, 'yar gidan masu kuɗi ba ita ke zaɓen miji ba, kuma sau da yawa wanda za a ba ta ya girme ta nesa ba kusa ba. Malamar da ke gaban irin waɗannan 'yan mata tana gaya musu cewa wanda kike tsoro yau zai iya zama mutumin kirki gobe, ta san abin da take yi.

Kuma a lura da yadda yarinyar ta je gidan dodon. Ubanta ɗan kasuwa ne da ya karye, ya tsinki fure a lambun dodo ba izini, dodo ya ce ko ransa ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Ita ta je ta fanshe shi.

Maman Ihsan:
Yauwa, nan nake jira a zo. Uba ya yi ɓarna, 'ya ta biya. Na Norway ɗin ma da na karanta, da aka tambaye ta cewa ta yi ba ta so. Uban ne ya yi ta yi mata daɗin baki da irin arzikin da beyar ya yi alkawari, har ta wanke 'yan tsummokaranta ta hau bayan dabba suka tafi. Wallahi ni wannan labarin ya fi na macijin ba ni tsoro. Na macijin aƙalla yana cewa ki gudu. Wannan cewa yake ki zauna, zai canza. Mata nawa muka sani da aka ce musu zai canza, suka zauna har ƙuruciya ta ƙare? Akwai wata 'yar'uwata, duk yajin da ta yi, kafin ta sauke jakarta an ce aure ɗan haƙuri ne, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Dutsen bai dahu ba, ita ce ta koma gida da hawan jini da yara.

Abu Safwan:
Allah Ya ba ta lafiya, Ya musanya mata da mafi alheri. Amma Maman Ihsan, a yi adalci. Dodon labarin bai taɓa ɗaga mata hannu ba, bai zage ta ba. Kullum da daddare tambayarta yake ko za ta aure shi, ta ce a'a, ya tafi. Da ta nemi zuwa ganin ubanta ya bar ta. Muninsa a fuska yake. Wanda kike magana a kansa muninsa a hali yake, shi kuwa hali zanen dutse ne.

Ni damuwata daban ce. Allah Ya ce a Suratur Rum aya ta 21 Ya halitta mana matan aure daga jinsinmu don mu natsu gare su. Ya dace mu cika kunnen yara da labarin mace ta auri maciji, namiji ya auri kwaɗo?

Hajiya Binta:
Malam Abu Safwan, kakanninmu da suka yi mana tatsuniyoyin nan masu sallah ne, wasunsu matan malamai. Sai an yi isha'i an ci tuwo ake shimfiɗa tabarma, kuma ba a tashi sai an ce ƙurunƙus, ba don gizo ba da na yi ƙarya. Yaro ɗan shekara shida ma ya san kuka ba ta ba da aron santsi. Abin da ya zauna mana a kai shi ne kada ka bi baƙon da ba a san asalinsa ba, kome kyansa. Ai shi ne kyan ɗan maciji.

Malama Hadiza:
Malam Abu Safwan ya yi gaskiya kan halin dodon, haka yake a rubuce. Sai dai abin da yarinya ke ɗauka daga labari ba koyaushe ne abin da ke rubuce ba. Ita abin da za ta riƙe shi ne soyayyarta ce ta mayar da dabba mutum, don haka in nata bai zama mutum ba, ita ce ba ta iya ba.

Ga wani abin mamaki. Na kwaɗon da kowa ya sani wai gimbiya ta sumbace shi ya zama ɗan sarki, a littafin 'yan'uwan nan biyu na Jamus, su Grimm, wanda ya fito a 1812, babu sumba. Ubanta ne ya tilasta mata cika alkawarin da ta yi wa kwaɗo, ya ci a kwanonta, ya ce sai ya kwana a gadonta. Haushi ya ishe ta, ta ɗauke shi ta maka da bango, a nan ya rikiɗe mutum. Daga baya ne aka tausasa labarin.

Nasiru Sabo Ibadan:
Kuna ta maganar miji dabba, ku juyo wajen mata dabba ku ga yadda labarin ke kifewa. A nan ƙasar Yarbawa akwai na Oya, wadda suke danganta ta da kogin Kwara. Maharbi yana laɓe a daji ya ga ɓauna ta tuɓe fatarta ta zama mace, ta ɓoye fatar ta shiga kasuwa. Ya sace fatar ya kai rumbu. Da ta dawo ba ta ga fata ba, dole ta aure shi, da sharaɗin ba zai gaya wa kowa ba. Ta haifa masa 'ya'ya tara. Kishiyoyi suka yi ta bugun cikinsa har suka ji sirrin, suka fara yi mata habaici, ci ki sha, fatarki tana rumbu. Ranar da ta ji haka ta hau rumbu ta ɗauko fatarta, ta bi ta kan kishiyoyin, ta bar wa 'ya'yanta ƙahonninta ta ce in sun shiga uku su gwara su za ta zo.

Na yarinyar mai ruwan ido ma suna da shi. Marubucinsu Amos Tutuola ya sa shi a littafinsa na 1952, amma nasa angon gaɓoɓi ya ara, ƙafa, hannu, ciki, yana mayarwa yana biyan kuɗin haya har ya rage ƙoƙon kai kawai.

Yusuf Damagaram:
Nasiru, abin da ka kawo kusan kalma da kalma akwai shi a arewacin Turai, inda ba su taɓa ganin ɓauna ba. A Sukotland da Aisland da tsibiran Faro, dabbar teku ce mai kama da ayu. Sukan fito gaɓa da daddare su tuɓe fata su yi rawa. A ƙauyen Mikladalur na Faro, wani saurayi ya sace fatar ɗaya ya kulle a akwati, ya rataya makullin a ɗamararsa ba ya rabuwa da shi. Suka yi shekaru, suka haihu. Wata rana yana tsakiyar teku yana su, ya shafa ƙugu ya ji ba makulli, ya ce wa abokansa yau na rasa mata. Suka yi ta tuƙi zuwa gida. Ya tarar da yara zaune su kaɗai, uwar ta kashe wutar murhu, ta kwashe wuƙaƙe ta ɓoye don kada su ji ciwo, sannan ta tafi. A 2014 mutanen ƙauyen sun kafa mutum-mutuminta a bakin teku, tana riƙe da fatar.

Maman Ihsan:
Kashe wutar nan da ɓoye wuƙaƙen ya taɓa mini zuciya. Duk wanda ya fara faɗar wannan labari ya ga macen da ta bar gida da idonsa. Ba don ba ta son 'ya'yan ba ne, zaman ne tun asali ba da yardarta aka gina shi ba. Shekara da shekaru tana dafa masa abinci, makullin yana kaɗawa a ƙugunsa tana gani.

Abu Safwan:
To amma yaran fa? Kowa yana tausayin uwar, su wa ya tausaya musu? Laifin uban ne, na yarda, sata ya yi. Su kuwa ba su saci komai ba.

Hajiya Binta:
Shi ya sa na fi son na Hasanul Basari na cikin Dare Dubu da Ɗaya. Shi ma rigar fuka-fukai ya sace wa 'yar sarkin aljanu tana wanka, ya kawo ta Bagadaza. Da zai yi tafiya ya bar wa uwarsa ajiyar rigar yana jaddada mata, ashe matar tana ji. Labarin kyanta ya kai kunnen Zubaida matar Haruna Rashid, aka kira ta fada, ta ce ai da kun gan ni cikin rigata. Zubaida ta sa aka ƙwato rigar daga tsohuwa. Tana sakawa ta rungumi 'ya'yanta biyu ta tashi sama, ta ce a gaya wa Hasan in yana son ganinsu ya same ta a tsibiran Waƙ Waƙ. Ita ba ta bar yara ba. Kuma sai da ya sha baƙar wahala ya je har garinsu, sannan ta biyo shi da ƙafarta. A wurina daga nan ne auren ya fara.

Mu ma muna da Ta Kitse, ko da yake ita ba dabba ce sosai ba, daga kitsen san tsohuwa ta fito. Sharaɗinta ɗaya, ba ta shiga rana ba ta zuwa kusa da wuta. Sarki yana barin gari kishiyoyi suka tura ta bakin murhu ta narke.

Malama Hadiza:
Hajiya kin taɓo jijiyar abin. Kusan duk matar da ta fito daga wata duniya da sharaɗi ɗaya take zuwa, kuma ba ita ke karya shi ba. A Japan wani talaka ya kuɓutar da wata tsuntsuwa 'yar'uwar gauraka daga tarko. Da daddare mace ta zo neman masauki, ta zama matarsa. Takan shiga ɗaki ta rufe ta yi saƙa, ta ce kada ya leƙa. Zanen da take fitowa da shi ana sayensa da tsada, amma kullum ramewa take. Ya kasa daurewa ya leƙa, ya ga tsuntsuwa tana fige gashin jikinta tana cusawa cikin zare. Ta ce tunda ka gan ni zama ya ƙare. Wannan ba a sace mata komai ba, da kanta ta zo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yana ganin ramar, bai taɓa cewa ta huta ba.

A Faransa akwai Melusine, wadda Jean d'Arras ya rubuta labarinta wajen 1393, sharaɗinta kada miji ya gan ta ranar Asabar. A Rasha kwaɗuwa ce, miji ya ƙone fatarta don gaggawa, ta ce da ka ƙara haƙuri kaɗan da na zama taka har abada. Kun ga a nan namiji ne aka nemi ya yi haƙuri, ya kasa.

Baba Ɗanlami:
'Yata Hadiza, ba duka ne matan dajin ke da gaskiya ba. Mu a gidan maharba muka tashi, ga wanda ake yi mana. Wani ɗan maharbi ya addabi ɓakane da kisa. Ɗaya ta rikiɗe budurwa ta shigo dandali, ta kafa 'yar ƙwarya ta ce wanda ya jefe ta shi za ta aura. Kowa ya jefa ya kuskure sai shi. Da dare ya yi tana yi masa hira, ta ce wai in ɓauna ta taso maka yaya kake yi? Ya ce kututture nake zama. In ta tunkuyi kututturen fa? Suri. In ta rushe surin? Ya buɗe baki ya ce zo, sai ubansa ya yi gyaran murya daga zaure, ya ce kai, ba a zazzage buhu gaban baƙo. Ya yi shiru. Da safe ta ce ya raka ta garinsu, ya ajiye kwari da baka don kada danginta su tsorata. Suna shiga daji ta koma ɓauna. Ya zama kututture ta tunkuye, ya zama suri ta rushe, sai ya zama zobe ya faɗa cikin ciyawa. Ta yi ta neman zomo har rana ta faɗi. Wannan fa yara maza ake yi wa, kuma gargaɗin ɗaya ne da na mai tabo.

Maman Ihsan:
Baba, Allah Ya ƙara girma, amma ita ma danginta ya ƙarar. Ramuwa ta zo yi.

Baba Ɗanlami:
Haka ne 'yata. Shi ya sa a yadda aka yi mana, bayan ya tsira uban ya hana shi harbin ɓauna mai ciki da mai shayarwa. Maharbin gaske yana da abin da ba ya harbi.

Zainab:
Ina karatu a Sin, bari in kawo nasu don ya shafi maganar Malama cewa labari yana canzawa. Nasu farar macijiya ce, Bai Suzhen, ta zama mace ta haɗu da wani saurayi, Xu Xian, a bakin tafkin birnin Hangzhou ana ruwan sama, lema ta haɗa su. Suka yi aure suka buɗe shagon magani. Wani malamin addinin Buddha mai suna Fahai ya ce wa mijin matarka macijiya ce. Ranar wani biki mijin ya ba ta wani abin sha, ta koma siffarta, ya gani ya faɗi matacce don tsoro. Ita ta tafi dutse mai nisa ta sato ganyen da ya dawo da ransa. Duk da haka Fahai ya danne ta ƙarƙashin hasumiyar Leifeng.

A yadda Feng Menglong ya buga shi a 1624, macijiyar abar tsoro ce, malamin ne mai ceto. Da tafiya ta yi tafiya masu wasan kwaikwayo da masu kallo suka koma bayanta, har malamin ya zama mugun labarin mai raba aure. Hasumiyar ta gaske ce, ta rushe a 1924, aka sake gina ta a 2002. Na je, mutane cike, yawancinsu saboda ita suka zo.

Kabiru:
To wai wa ya kwaikwayi wa? Yaya aka yi Bayarabe da mutumin Faro suka yi labari ɗaya?

Yusuf Damagaram:
Masana sun daɗe a kan wannan. Akwai kundin da Antti Aarne na Finland ya fara a 1910, Stith Thompson ya faɗaɗa, Uther ya sabunta a 2004, inda kowane irin labari ke da lamba. Neman mijin da ya ɓace 425 ne, amarya dabba 402. A 2016 Sara Graça da Silva da Jamshid Tehrani sun bi sawun tatsuniyoyi 275, suka ƙiyasta na kyakkyawa da dodo ya kai shekara 4,000. Amma harsunan Turai da Indiya da danginsu kawai suka duba, namu ba sa ciki.

Tsohon rubutaccen da aka fi ambata ɗan Afirka ne ma ya rubuta shi, Apuleius, haifaffen Madaura a Aljeriya ta yau, a ƙarni na 2 miladiyya. Amarya ce mijinta ba ya zuwa sai cikin duhu. Yayyenta suka ce mata maciji ne, zai haɗiye ki. Ta ɗauki fitila da wuƙa, ta haska ta ga kyakkyawan saurayi, ɗigon mai ya zuba a kafaɗarsa ya farka ya tafi. Wasu labaran fatake da mahajjata sun yi yawo da su, babu shakka. Wasu kuwa ina ganin kowa da kansa ya ƙago, don duk inda ake kai amarya wani gari akwai wannan fargabar.

Abu Safwan:
Idan haka ne ni na mai tabo zan riƙe, don ya dace da abin da aka umarce mu, a duba addini da hali, waliyyi ya yi bincike. Yau ma ai macizan suna nan, motar aro, babbar rigar aro, hoton gidan wani a Facebook.

Maman Ihsan:
Malam, to ina waliyyin yake a cikin tatsuniyar? Ƙuda aka bar wa bincike. Uba ya karɓi sadaki, an ci goro, babu wanda ya taka ya je ganin garin ango. Da abin ya ɓaci sai aka ce ita ce mai ruwan ido. Ni in ina yi wa 'ya'yana, ina ƙarawa cewa da ta dawo, uban ya tara mutane ya ce laifin nasa ne da bai tura kowa ba.

Malama Hadiza:
Ni ban ga laifin ƙarin ba, haka tatsuniya ke rayuwa, Zainab ta nuna mana. Fatana dai a riƙa faɗin tsohon ma yadda yake. Wani Bature, Frank Edgar, ya tara namu a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, amma mafi yawansu daga hannun malamai maza ya karɓa, alhali masu abin tsofaffin mata ne. Wanda ke da kaka a raye ya ɗauki muryarta a waya, ya rubuta garin.

Hajiya Binta:
A yadda aka yi mana a Katsina akwai wanda ya bi ta, sai dai ba babba ba ne. Ƙanwarta ce 'yar ƙarama, wadda aka yi ta kora ana cewa ki koma gida, ta ƙi, tana bin su daga nesa. Ita ce ba ta barci. Duk lokacin da macijin ya buɗe baki da tsakar dare sai ta fashe da kuka, ya ce me kike so, ta ce ƙishirwa, ta ce sai ruwan da aka ɗebo da rariya. Yana can bakin kogi yana fama da rariya ta tashi yayarta suka gudu. Maman Ihsan, in za ki yi wa yaranki kada ki cire ƙanwar.

Maman Ihsan:
Ba zan cire ta ba Hajiya. Mu a wajenmu ƙane ne namiji, kuma tsuntsu ne ya ƙetarar da su kogi. Zan tambayi gwaggona ko ta tuna waƙar da yaron yake yi, in ta tuna zan turo muku muryarta.